Ku Tambaya Mu Amsa: Sanƙarau ya tafi da jin ɗana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara biyar ya yi sanƙarau a bazarar da ta wuce. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga nan ba ya amsa kira, maganar da ya iya ma ta fara zubewa. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce in ɗiga masa mai a kunne. Ina zan dosa? Daga wata uwa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara masa lafiya. Don Allah kada ki ɗiga masa komai. Ɓarnar sanƙarau can cikin kunne take, a wani sashe mai siffar katantanwa da jijiyar ji, inda mai ba ya isa. In kuma dodon kunnen ya huje, man zai iya jawo ruwan kunne. Maganarsa tana zubewa ne saboda ya daina jin muryar kansa.

Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Birnin Kebbi, ko Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki ce gwajin ji kike so, domin haska kunne da fitila ba ya nuna yawan jin da ya rage. Yaro mai shekara biyar ana sa masa abin saurare a kunne, ya ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji ƙara. In ya kasa, akwai gwajin da ake manna masa wayoyi a ka yana barci. Idan babu na'urar, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki riƙe katinsa na asibiti, don likita zai so ya san alluran da aka yi masa. Wasu, irin su jantamaisin, su ma suna taɓa ji. Kada a ce sai bayan girbi. Bayan sanƙarau ƙashi kan tsiro cikin katantanwar a 'yan watanni, ya sa aikin tiyatar dasa na'urar ji a cikin kunne ya yi wuya in har an buƙace shi.

In an rubuta masa na'urar ƙarin ji, a saita ta bisa sakamakon gwajinsa. Ta kasuwa tana ƙara kowace irin ƙara ne gaba ɗaya, yaro ya ji hayaniya ya fizge ta. Robar da ke shiga kunne ana auna ta da kunnen yaron, kuma ana sake ta bayan wata shida zuwa shekara saboda kunnen yana girma. In kin ji na'urar tana fito, galibi robar ce ta yi sako-sako. Batirinta, mai lamba 13 ko 675, yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ki ɓare takardar da ke manne a bayansa, ki jira minti ɗaya kafin ki saka. Da dare ki buɗe murfin batirin don gumi ya bushe, da hunturu kuma ki riƙa share ƙura. Ki ɓoye batiran daga ƙannensa, haɗiye su na da haɗari ƙwarai.

Abin da muka fi jaddadawa shi ne maganar hannu, kuma tun yau. Ba ta hana yaro magana da baki. Yaron da aka bari shekara biyu babu hanyar faɗin abin da ke ransa shi ne ake ce wa mai taurin kai, alhali ba a fahimce shi ba ne. Ku koya gida ɗaya, har da mahaifinsa da yayyensa. Kurame manya na garinku su ne malamanku na farko, kuma reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, zai haɗa ki da su da sauran iyaye. In za ki yi masa magana, ki fuskance shi a wuri mai haske. Wajen kuɗi kuwa, ki tafi da takardar likita mai ɗauke da farashi wurin limamin unguwa ko masu fitar da zakka. An fi saurin taimakon abin da aka gani a rubuce.

Tambaya: An ƙi karɓar ɗiyata a firamare don tana tafiya da keken guragu. Mi ya kamata in yi? Daga wani uba a Jega.

Amsa: Malam, doka tana bayanka. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. Ka rubuta koke ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka riƙe kwafi, ka sanar da kwamitin gudanar da makarantar. In mako biyu ya wuce shiru, ka kai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Birnin Kebbi. Sau da yawa matsalar matakala ce da ban-ɗaki, don haka ka nemi a ba ajinsu ɗakin da ya fi kusa da ƙasa, a zuba gangaren siminti mai sauƙin hawa a bakin ƙofa, wanda ko iyayen yara za su iya haɗa kuɗinsa.