Na ajiye takardun neman aiki, har yanzu shiru: in bi sawu ko in haƙura?

Wani ɗan kasuwa mai teburin kayan masarufi a babbar kasuwar Maraɗi ya aiko da tambaya. Ciniki ya ja baya, jari yana narkewa, sai ya ga sanarwar wata ƙungiya mai zaman kanta tana neman mai kula da sito. Ya ajiye dosiyensa sati uku ke nan, ba kira ba saƙo. Yana son ya san ko ya tuntuɓe su, ko hakan zai sa a ce ya cika naci. Kuma wani ya ce masa ya kawo jikka hamsin a "tura" masa takardar.

Ƙanena, bari mu fara da jikka hamsin ɗin nan, don ita ta fi tayar mini da hankali. Kar ka bayar. Kuɗin nan buhunan kaya ne a teburinka, kuma mai karɓa ba zai ba ka rasit ba. In aikin bai fito ba, wa za ka kama? Ƙungiyoyi da yawa ma suna rubutawa a sanarwarsu cewa ba a biyan ko dala wajen ɗaukar ma'aikata.

Bin sawu kuwa ba laifi ba ne, amma koma ka sake karanta sanarwar tukuna. Duba ranar rufe karɓar takardu, domin daga ranar ake lissafi, ba daga ranar da kai ka kai taka ba. Sau da yawa ba a buɗe ambulan ko ɗaya sai an rufe, sannan kwamiti ya zauna ya tace. Idan an rubuta cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a kira, to kiran waya kullum ba zai ƙara maka komai ba. Idan kuma ta hannun ANPE, hukumar samar da aikin yi, aka karɓi takardun, can ofishinsu na Maraɗi za ka tambaya, ba ƙofar ƙungiyar ba.

In sati biyu sun wuce bayan rufewa, ka shirya ka je da kanka, da hantsi, tsakiyar mako. Ka guji Litinin da safe da kuma Juma'a, ranar da ake tashi da wuri. Ka sa tufafi masu tsabta, ka riƙe kwafin takardarka mai hatiminsu, in sun buga maka lokacin da ka ajiye. Ka gaida maigadi da sakatare gaisuwa ta mutunci; su ne suka san ko darakta yana gari, ko an riga an manna jerin sunaye a allo. Maganarka ta zama gajera: "Ranka ya daɗe, na ajiye takardu ranar kaza kan aikin sito. Na zo in ji ko sun cika, da kuma lokacin da ake sa ran sakamako." Ka rubuta ranar da aka faɗa maka, kar ka dawo kafin ta. Ka dai san yadda kake bin bashin abokin ciniki da ba ka son rasawa: tuni kake yi masa, ba ka zauna masa a ƙofa.

Abin da na fi son ka riƙe shi ne, kai ba ɗan makarantar da bai taɓa ƙirga kaya ba ne. Mai neman mai sito yana neman wanda ya san shigar kaya da fitarsu, wanda zai gane buhun da aka rage wa tiya ɗaya tun daga ɗagawa. In takardarka ba ta nuna haka ba, zuwan nan dama ce: ka tambaya ko za su karɓi takardar shaida daga Alhajin da kake sarin kaya a wurinsa, mai cewa shekara nawa kuna hulɗa ba a taɓa samun giɓi ba. Littafinka na lissafi ma ka gyara shi, wataƙila ranar ganawa a so gani.

Ka kula da takardar kotu mai shaida ba ka da laifi, yawanci ana son wadda ba ta wuce wata uku ba. Lambar wayar da ka rubuta kuma ta kasance a kunne, da caji, kuma ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba.

Teburinka kar ka rufe shi saboda jira, kuma kar ka karyar da kaya. Ka je sau ɗaya, ka kira sau ɗaya bayan ranar da suka ba ka. In har yanzu shiru ne, ka ɗauki kwafin dosiyen ka kai wa manyan ƴan kasuwa masu sito a gari, su ma suna ɗaukar mutane, kuma a wurinsu shaidar Alhajinka ta fi kowace takarda nauyi.