Me ya sa allurar da ake yi wa mahaifiyata a asibiti ta daina aiki?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An yi wa mahaifiyata tiyata a ciki, aka sa mata robar fitsari. Kwana biyar da yin aikin sai zazzaɓi mai zafi ya rufe ta. An canza mata allura har sau biyu, yanzu kuma an ce ƙwayar cutar ba ta jin magani. Jikinta ne ya saba da magani? Kuma ta yaya mutum zai je neman lafiya ya kwaso wata cutar?

Amsa: Sannu da jinya, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya.

Ba jikinta ne ya saba da magani ba, ƙwayar cutar ce ta yi taurin kai. Duk sanda aka ba mutum antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, masu rauni a cikinsu ne ke mutuwa. 'Yan tsirarun da ke da hanyar kare kansu sai su samu fili su hayayyafa. Wasu suna fitar da sinadarin da ke lalata maganin, wasu kuma turo shi waje suke yi kafin ya taɓa su. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne suna iya miƙa wa juna wannan dabara, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan gargaɗi. A 2019 kaɗai, an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ba sa jin magani.

Asibiti kuwa nan ne ake yawan zuba waɗannan magunguna, nan ne kuma masu raunin jiki suke kwance gado kusa da gado. Ga ƙofofi a buɗe: wurin yanka, allurar ƙarin ruwa, robar fitsari. Bakteriya kan manne a jikin robar su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa, shi ya sa haɗarin ke ƙaruwa da kowace rana da ta ƙara a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin majinyata 100 da aka kwantar, kusan 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu tasowa kan kamu da wata cutar a asibitin. Ba kowace ce sakaci ba, amma ba zan ɓoye miki ba, mafi yawansu ana iya kauce musu, kuma hannun da ba a wanke ba shi ne babban mai yaɗa su.

Canza allurar ba lalube cikin duhu ba ne. Likita kan fara da maganin da ya fi zato, ya aika fitsari, jini ko mugunyar ciwon ɗakin gwaji a yi renon ƙwayar, a ga wane magani ke kashe ta. Wannan kan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Wasu daga cikin bakteriya irin su E. coli da Klebsiella sukan lalata maganin ceftriaxone, sai a koma wani maganin, meropenem. In shi ma ya gaza, abin da ya rage kaɗan ne, kamar colistin, wanda ke iya taɓa ƙoda. Ki tambayi likitanta sunan ƙwayar da maganin da gwajin ya nuna, haƙƙinku ne ku sani.

Ke ma da naki aikin a gefen gado. Kullum ki tambaya ko har yanzu ana buƙatar robar. Cire ta da wuri rabin magani ne. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mararta, amma kada ta taɓa ƙasa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa Mama da bayan kin taɓa ta, 'yan dubiya ma haka, kuma kada ki ji nauyin tuna wa ma'aikaci cikin ladabi. Kada a buɗe bandejin, kada kuma wani ya sayo magani daga waje ya ba ta a ɓoye don tausayi. In kika ga ta fara ruɗewa, numfashinta na sauri, ko fitsarin jakar ya ragu sosai, kada ki jira zagayen safe, ki kira nas nan take.