Amsa kan haruffa masu kauri da aka zana da hannu

Malam, ka tambaya ko za ka iya buga dukan littafinka da haruffan nan na kwamfuta masu kauri, matsattsu, waɗanda aka zana da hannu. Shawarata ita ce ka keɓe su ga bangon littafi, kanun labarai da fosta, domin an yi su ne don a hango daga nesa, kuma matsuwarsu tana sa dogon take ya shiga layi ɗaya. Idan aka ƙanƙanta su, ramukan cikin a, e da o sukan toshe har ido ya gaji. Kafin ka saya, ka rubuta kalmomin ƙasa, ɓera da ɗaki da su ka gani, saboda da yawa daga irin waɗannan salon rubutu ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta cusa baƙon harafi cikin kalmar.