Man Giyar Mota Mai Haɗa Fetur da Lantarki: A Juye Shi Ko A Bar Shi?

Wani ɗan'uwanmu da ke ci-rani, wanda sana'arsa ɗaukar fasinja ce, ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, Malam. Ina haya da Toyota Prius ƙirar 2013, ta ci kilomita 170,000 ba a taɓa juye man giyarta ba. A garejin dillalin motar an ce mini man na har abada ne, amma wani bakanike ya ce in juye shi yanzu, har ma in aika da shi ɗakin gwaji a auna. Da motar nan nake riƙe kaina, da ita nake aika wa iyali. Maganar wa zan kama?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa albarka a nemanka. Shawarata ita ce ka juye man, kuma ka ɗebi kaɗan ka aika a auna, amma ina so ka san dalilin kowanne, domin wanda ya san abin da ke cikin motarsa ba a juya shi da baki a gareji.

Giyar Prius, motar da ta fara fita a Japan a 1997, ba irin giyar da muka saba da ita ba ce. Babu kuloci a cikinta mai cinyewa, babu bel, kuma ba ta hawa daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu. Abin da ke ciki shi ne wasu haƙoran giya masu kewaya juna, waɗanda suke raba ƙarfin injin fetur tsakanin tayoyi da janareta, sai kuma injinan lantarki guda biyu da kamfanin yake kira MG1 da MG2, na farkon shi ne janaretan da na ambata. Saboda babu abin da ke gogar juna da gangan a wurin, man ba ya shan wahalar da man giyar sauran motoci masu canza giya da kansu yake sha, kuma daga nan ne maganar dillali ta samo tushe. Littafin kula da irin waɗannan motoci yakan ce a riƙa duba man, ba tare da ya yanka wa mai tuƙi na yau da kullum ranar juye ba. Sai dai man yana da aiki na biyu wanda ba a cika faɗa wa mai mota ba: bayan shafe haƙoran giya da boris, shi ne yake kwashe zafi daga injinan lantarkin, yana taɓa naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe da ke cikinsu. Batirin motarka yana ba da volt 201.6, na'urar da ke sarrafa wutar kuma tana iya ɗaga ta har volt 650 kafin ta isa waɗannan wayoyi. Man da ya tsufa, ya tara garin ƙarfe, ya sha zafi shekara da shekaru, ba shi ne abin da mutum zai so yana wanka da irin waɗannan wayoyi ba.

Wannan kalma ta "har abada" tana damuna duk sanda na ji an faɗa wa direban haya. Mai tuƙa mota daga gida zuwa ofis ya dawo, da kai da kake wuni kana tashi kana tsayawa a cunkoso, fasinja ya sauka wani ya hau, ba zamani ɗaya motocinku suke yi ba. Da yawa daga kanikawan da suka ƙware a kan waɗannan motoci suna ba da shawarar juye man a wajajen kowace kilomita 100,000, wasu ma kafin haka ga motar haya, kuma ni ina tare da su, domin lita huɗu na mai ba abin da za a haɗa da asarar akwatin giya ba ne, balle kwanakin da za ka yi a zaune ba ka fita nema ba. Akwai masu tsoratar da mutane cewa idan mota ta daɗe ba a juye man giyarta ba, sabon mai zai sa giyar ta riƙa zamewa. Wannan fargaba ta samo asali ne daga giyoyi masu faifan kuloci da suka riga suka cinye, kuma taka ba ta da su.

Inda za ka tsaya da ƙafarka shi ne nau'in man. Motarka tana shan Toyota ATF WS, kuma kada ka yarda a zuba mata wanda aka rubuta wa CVT a jikin gora don kawai an ji ana kiran giyar da suna mai kama da haka, domin wancan an yi shi ne don giya mai bel na ƙarfe. Kada a ƙara wani sinadari da sunan gyaran mai, kuma ba a bukatar injin wanke giya da matsi. Ga sauran 'yan'uwa masu karanta wannan amsa, ku lura cewa ba duk mota mai haɗa fetur da lantarki ce take da irin wannan giya ba: Kia Niro da Hyundai Ioniq suna da giya shida mai kuloci biyu, tsofaffin Honda Civic masu lantarki kuma da yawansu giya mai bel gare su, kowacce da nata man da nata lokaci. Littafin motarka ne alƙali.

Aikin kansa bai fi awa ɗaya ba. Babu sandar awon mai a wannan giya, noti biyu ne kawai, na sama na zubawa da na ƙasa na tsiyayewa. Ana ɗaga motar ta tsaya daidai ba ta karkata ba, a fara kwance na sama tukuna, kuma wannan tsari ba ƙa'idar banza ba ce. Na taɓa tsayawa a kan wani yaron gareji da ya fara tsiyaye man, ya zo kwance notin sama ya tarar ya cije, ya yi ta murɗa har ramin notin ya lalace, motar ta kwana a kan jak babu ɗigon mai a cikinta, mai ita kuma ya rasa aikin yini biyu. Bayan an tsiyaye, a sa sabuwar washa a kowane noti, a ɗaure gwargwadon ƙarfin da littafin gyara ya ƙayyade tunda jikin akwatin alminiyom ne, sannan a zuba sabon mai ta tiyo da mazurari har sai ya fara lekowa daga bakin ramin sama. Zai ci lita uku da 'yan kai. A wasu ƙirar akwai notin ruwan sanyaya na'urar lantarki kusa da na mai, don haka a tabbatar da wanda ake kwancewa. Idan da hannunka za ka yi, ka kashe motar gaba ɗaya ka nisanta makullin, domin muddin alamar READY da ke allon gaban direba tana kunne injin yana iya tashi da kansa kana kwance a ƙarƙashi, kuma kada hannunka ya je kan wayoyi masu launin ruwan lemo, domin su ne suke ɗauke da wuta mai ƙarfi. Tsohon man kuma ka kai shi wurin da hukuma ta tanada don karɓarsa, domin zuba shi a magudanar ruwa laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma baƙo ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma.

Sai batun awo, wanda a nan ne nake ganin mutane suna ruɗewa. Tun kafin ɗakin gwaji, idonka da hancinka za su ba ka labari. Sabon man ja ne garau, tsoho kuma yakan fito da duhu, wani lokaci kamar ruwan ƙasa, kuma duhun kaɗai ba ciwo ba ne. Ka ɗiga shi a kan farar takarda, ka murza tsakanin yatsunka. Idan notin ƙasa yana da maganaɗisu za ka ga wani baƙin laushi ya manne masa kamar kwalli, wannan cin ƙarfe ne na al'ada. Abin da zai sa ka tsaya shi ne ɓarɓashi mai ƙyalli da kake jin kaifinsa a yatsa, ko warin ƙuna mai ƙarfi, ko man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, wanda yake nuna ruwa ya shiga.

Wanda za ka aika, ka ɗebe shi bayan ka ɗan zagaya da motar man ya yi ɗumi, kuma daga tsakiyar zubowarsa, ba farko ba ba ƙarshe ba, kimanin mililita 100 a cikin kwalba mai tsabta wadda ɗakin gwajin yakan bayar. Ka rubuta musu nau'in man, da kilomitar motar, da cewa wannan ne juye na farko. Za su auna yawan ƙarafan da ke yawo a ciki da ma'aunin kashi cikin miliyan. Baƙin ƙarfe daga haƙoran giya da boris yake fitowa, alminiyom yawanci daga jikin akwatin, silikon kuma ko daga gam ɗin da aka liƙe akwatin da shi ko daga ƙurar da ta shiga. Za su duba kaurin man ko ya tsinke, da ruwa, da alamar ruwan sanyaya inji, kuma idan ka nema za su auna tsamin man, wanda yake nuna yadda zafi ya tsufar da shi.

Ina roƙonka kada sakamakon farko ya hana ka barci. Man da ya yi kilomita 170,000 yana ɗauke da garin ƙarfen da giyar ta zubar tun tana sabuwa haƙoranta suna daidaita da juna, don haka adadin baƙin ƙarfe da silikon zai fito da yawa, kuma kada wani ya riƙe wannan takarda ya ce maka sai an sauke giya alhali motar ba ta kuka, ba ta nuna wata fitilar gargaɗi. Amfanin awon yana bayyana ne a karo na biyu: idan ka sake juyewa bayan kilomita 50,000 ko 60,000 ka ga adadin ya sauka ƙwarai idan aka kwatanta da tafiyar da man ya yi, giyarka lafiya lau take, kuma kana iya tsawaita lokacin juye. Idan ya ci gaba da hawa, musamman tare da wani gurnani da ke ƙaruwa da gudu, to boris ne ake fara zargi, kuma ka samu sarari ka shirya gyara kafin ta tsaya maka da fasinja a ciki. Ka kuma sani cewa na'urar awon ƙananan ƙwayoyi take gani, manyan ɓarɓashi suna wuce ta, shi ya sa duban ido da na ambata ba ya faɗuwa.

Rasit ɗin man, da takardar gareji mai ɗauke da kwanan wata da kilomita, da sakamakon awon, ka haɗa su wuri ɗaya da takardun motar, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Za su yi maka amfani idan kana da garanti aka nemi shaidar kula da mota, ko ranar da za ka sayar da ita. Idan sakamakon ya iso kuma alƙaluman suka shige maka duhu, ka rubuto mini su tare da kilomitar da motar take a ranar juyen, mu duba tare. Allah Ya tsare hanya.