Tambaya da Amsa: Mota ɗaya ce ta sana'a da ta gida, ya zan yi da maganar haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni dai ina zaune ne a Amurka, sana'ata gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kaina nake yi wa aiki ba wani kamfani ba. Kullum ina kan hanya daga gidan wannan kwastoma zuwa wancan, da motar nan tawa guda ɗaya, ita ce kuma nake kai yara makaranta da ita, da ita ake zuwa cefane. Wani abokin sana'a ya ce min wai ina ta asarar kuɗi tunda ba na rubuta tafiyar da motar ke yi, alhali ana cire wa mutum wannan a lissafin haraji. Ni kuwa risit ɗin shan mai duk na tara su a leda. Shin waɗannan ba su wadatar ba? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Gaskiya abokinka ya faɗa maka, kuma risit ɗin nan na leda su kaɗai ba za su fitar da kai ba, domin abin da suke nunawa kawai ka sha mai, ba sa nuna inda ka je da man, gidan kwastoma ne ko makarantar yara. Hukumar haraji kuwa wannan rabe-raben shi ne duk abin da take so ta gani.

A can inda kake, hukumar haraji ta IRS ta ba mai sana'ar kansa zaɓi biyu. Na farko akwai kuɗin da take yankewa duk shekara a kan kowane mil ɗaya da ka yi saboda sana'a, a 2024 senti 67 ne, a 2025 ya koma senti 70, kuma a cikinsa an riga an haɗa mai da gyara da taya da inshora da tsufan da motar ke yi, saboda haka ba za ka ɗauki wannan sannan ka sake kawo risit ɗin mai ba. Na biyu shi ne ka tattara ainihin abin da ka kashe wa motar a shekara, sai ka ɗauki kason sana'a kawai. A ce motar ta yi mil 20,000 a shekara, 12,000 daga ciki na aiki ne, ka ga kashi 60 cikin 100 kenan, to kashi 60 na abin da ka kashe za ka cire. In kuwa hanyar farko ka bi a 2025, mil 12,000 sau senti 70 ya ba ka dala 8,400. Amma fa ka gane, ba dala 8,400 za a miƙo maka ba, za a cire su ne daga ribar da ake lissafa maka haraji a kanta. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na kansa.

Ka lura ko wace hanya ka bi sai ka san yawan mil ɗin, babu yadda za ka tsallake rubutu. Sannan akwai wani abu da ke kama mutane da yawa, in motar taka ce kuma kana son ka riƙa amfani da kuɗin mil ɗin nan, dole ka zaɓe shi a shekarar farko da ka sa motar a harkar sana'a, daga baya kana iya canzawa, amma in ka fara da ɗayar hanyar to ƙofar ta rufe maka a kan wannan motar. Kuɗin fakin da na tolget da ka biya a tafiyar aiki su kam ana ƙara su daban, ka ajiye risit ɗinsu. Tarar da aka ci ka saboda gudu ko fakin ba daidai ba, wannan taka ce kai kaɗai.

Yanzu rubutun. Ƙaramin littafi ka saya ka ajiye shi a aljihun dashbod da biro a maƙale, kada ya riƙa shiga gida, ranar da ya shiga gida ranar zai fara kwana a kan tebur. Duk tafiyar aiki abu huɗu za ka sa, kwanan wata, inda ka je, abin da ya kai ka, da mil nawa ka yi. Ranar farko ta shekara da ranar ƙarshe ka ɗauki hoton mitar da ke nuna jimillar tafiyar motar, da ita za a san duka abin da ka yi a shekarar. Ni wajen da na fi matsa wa mutane shi ne wajen dalili, domin shi ake bari fayau, ko a rubuta "aiki" kawai a wuce. Wane irin aiki? Rubuta "gyaran firij, gidan kwastoma, titi kaza, lambar rasit kaza", ko "sayen kwamfresa a shagon kayan gyara". Shekara biyu nan gaba in an tambaye ka wallahi ba za ka tuna ba, layin nan guda shi zai yi magana a madadinka, kuma zai dace da takardar kuɗin da ka ba kwastoman a ranar. Ba sai ka rubuta a take ba, IRS na karɓar littafin da ake cikawa mako-mako, amma ni shawarata ka rubuta kafin ka kashe mota, minti ɗaya bai cika ba.

Manhajojin waya masu bin tafiya da kansu suna da amfani ƙwarai, musamman ga irinka da ke tsayawa wuri biyar shida a rana, sai dai waya ba ta san dalilin fitarka ba, kai ne za ka zauna ka ware mata wannan na aiki wannan na gida, in ka bar su suka taru wata uku ka koma gidan jiya. Kuma ka riƙa fitar da bayanan kana ajiyewa a wani wuri, waya na faɗuwa.

Sai maganar da ta fi ɗaure kai, tafiya daga gida zuwa wurin aiki. In kana da shago, zuwanka shagon da safe da komawarka gida da yamma ba ya cikin lissafi, ko da motar cike take da kayan aiki, ko da ka manna tallan sana'arka a jikinta, ko da waya kake yi da kwastoma a hanyar. Daga shago zuwa kwastoma, daga kwastoma zuwa kwastoma, zuwa sayen kayan gyara, duk waɗannan suna ciki. In kuwa ba ka da shago, kana da ɗaki a gida da ka keɓe wa sana'ar kuma shi ne babban wurin da kake gudanar da ita bisa sharuɗɗan IRS, to daga ƙofar gidanka lissafin ke farawa. Wannan wajen ka zauna da akanta ya duba maka yadda kake, bambancin na iya kai mil dubbai a shekara. Littafin kuma ka adana shi aƙalla shekara 3 bayan ka miƙa takardun harajin shekarar.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ma ina kai wa kwastomomi kaya da motata, shekara ta yi nisa ban rubuta komai ba. In zauna in cike littafin da kimantawa?

Amsa: A'a 'yar uwa, kada ki yi, ina roƙonki. Littafin da aka cike rana ɗaya da biro ɗaya, kowace tafiya mil 20 cif, masu bincike sun saba ganinsa, kuma in suka ƙi shi har abin da ke hakkinki na gaskiya sai ya tafi. Abin da za ki yi shi ne ki bi sawun da kika bari, saƙonnin da kwastomomi suka turo miki da adireshi, takardun kuɗi, kalandar waya, tarihin wuraren da Google Maps ke ajiyewa in kin kunna shi, da risit ɗin gareji da galibi ake rubuta lambar mita a kai. Tafiyar da kika samu shaidarta ki rubuta, wadda babu ki haƙura da ita, sannan daga yau ki fara littafi na gaskiya.

Ba ki faɗi ƙasar da kike ba, kuma dokar ta sha bamban. A Ingila a 2011 hukumar haraji ta HMRC ta sa kwabo 45 na kuɗinsu a kan kowane mil na 10,000 na farko, abin da ya haura kuma kwabo 25, ya shafe sama da shekara 10 a haka, sai ki duba na bana. A Ostareliya littafin mako 12 a jere yana iya yi miki aiki har shekara 5. A Kanada sai kin cika littafin shekara guda cur tukuna, bayan nan ake yarda da samfurin wata 3 matuƙar yanayin tafiyarki bai canza sosai ba. Ki rubuto min ƙasar da kuma ko motar taki ce ko ta haya, sai in faɗa miki wanda ya shafe ki.