Jadawalin da ya ƙi zama a Markdown

Ɗana, saƙonka ya same ni cikin cunkoson motoci a hanyar Nyanya, shi ya sa sai yanzu bayan Isha'i nake amsa maka. Ka ce manhajar karɓar kuɗin makaranta ta kammala, saura littafin jagora, amma jadawalin lambobin kuskure ya ƙi zama a Markdown, harshen da kake tsara rubutun da shi. Kana tambaya ko ka ci gaba da kokawa da shi, ko ka sauya harshen tsara rubutu.

Ka sauya. Bari in faɗa maka dalili, don watarana kai ma wani zai tambaye ka.

Lokacin da John Gruber ya fitar da Markdown a 2004, ko jadawali babu a cikinsa. Wanda kake zanawa da sanduna a GitHub daga baya aka ƙara, kuma ba ya haɗe gida biyu na jadawali su zama ɗaya, kowane gida kuma layi guda yake ɗauka. To dubi naka. Lambar kuskure ɗaya ta shafi hanyoyin biya uku, kati da tiransifa da USSD, dole gidanta ya sauko ya rufe layi uku. Gidan "abin da za a yi" kuma matakai huɗu ne a jere, har da misalin kod. Ina zai sa su?

Na san abin da ranka ke raya maka: ka cusa HTML, harshen shafukan intanet, a ciki. Na taɓa yi. Wani kamfani a Garki muka yi wa aiki, a fuskar kwamfuta komai tsaf. Daren da za mu miƙa aiki suka ce PDF suke so. Da na juya shi da Pandoc, manhajar sauya tsarin takardu, sai layukan jadawalin suka ɓace, lambobi da bayanai suka zube wuri ɗaya kamar an kifar da tiren mai gyaɗa. Har aka kira Asuba ina gyarawa da hannu. Ba na so ka ga irin wannan daren.

Akwai wani harshen tsara rubutu, reStructuredText, tare da Sphinx, manhajar da ke fitar da shi, da shi ake rubuta takardun harshen kod na Python, masu kula da Linux ma sun koma kansa a 2016. Yana haɗe gidaje, amma sai ka zana jadawalin da alamar tarawa da karan ɗori da sanda, bango da bango. Ranar da kalma ɗaya ta fi faɗin gidanta, duk layukan sai ka ja su, in alama ɗaya ta goce ya ƙi fitowa. Wanda aikinsa ke cikin Python zai iya jurewa. Naka ba a can yake ba.

AsciiDoc nake so ka ɗauka. Stuart Rackham ya ƙirƙiro shi a 2002, da shi kuma ake rubuta takardun Git ɗin nan da kake amfani da shi kullum wajen bin sauye-sauyen kod. Za ka buɗe jadawali da |=== ka rufe da shi. Kowane gida na iya zama a layinsa, babu zanen bango. In kana so gida ya ci gidaje biyu a kwance, ka sa 2+ gaban sanda. In zai sauko layi uku, kamar lambar kuskuren nan taka, .3+ ne, ka lura da ɗigon farko, nan yara ke yawan tuntuɓe. Gidan matakai kuwa, ka fara shi da a| sai ya karɓi jerin lambobi da misalin kod yadda suke. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne gyara: ka sauya kalma ɗaya, Git ya nuna maka layi ɗaya ne ya sauya, mai duba aikinka ba zai sha wahala ba.

Takardar README, mai gabatar da aikin a taƙaice, ka bar ta a Markdown, ta dace da wurin.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka shigo ofis ka ɗora Asciidoctor PDF, mai juya AsciiDoc zuwa PDF, da Ruby, harshen da yake aiki a kansa, a kwamfutarka. Kada ka juya littafin duka tukuna. Jadawalin kuskuren nan kaɗai za ka rubuta, ka sanya wa layin farko alamar cewa shi ne kan jadawali don ya riƙa maimaituwa a kowane shafi, ka fitar da HTML da PDF, ka buga na PDF ɗin a takarda. Ka kawo min shi da ƙarfe tara mu duba tare.