Da wane kayan aiki ake ɗibar ƙasar da ake zargin tana da gubar dalma?

Tambaya: Malam, na sayi fili a gefen garinmu a ƙaramar hukumar Anka. Bayan an gama ciniki ne aka gaya mini cewa a da ana niƙa dutsen zinariya a wurin. Gini nake so in yi in sa iyali. Wani malamin gona ya ce zai ara mini ƙarfen huda ƙasa da suke ɗibar samfuri da shi. Ya wadatar, ko sai na nemi na'urar nan da ake haska ƙasa da ita?

Amsa: Alhaji, ka yi hankali da ka tambaya kafin ka kafa harsashi. Ba mutumin Anka za a ba labarin 2010 ba, lokacin da dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa.

Ƙarfen malamin gona ba shi da laifi, amma ba aikinsa ba ne wannan. An yi shi ne don ya nutse kamar santimita 20, inda saiwar dawa ke neman abinci. Ita kuwa ƙurar dalma a sama take kwanciya, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A ce santimita biyun sama na ɗauke da miligiram 2,000 na dalma a kowane kilo, na ƙasa kuma lafiya lau. Idan ƙarfen ya cakuɗa su duka, sakamakon zai sauko wajen 200, ka ɗauka filin ya tsira alhali ba haka ba ne. Mizanin Amurka da aka yi ta aiki da shi shekara da shekaru shi ne miligiram 400 a kowane kilo na ƙasar gidajen zama, a 2024 ma suka rage shi zuwa 200.

Don haka ni cokali na fi so, babba, na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na roba sabo. Kankare santimita biyun sama kawai. Ka guji shebur mai fenti, domin wani fentin da dalma a cikinsa. Haka ma bokitin kwano da abin tagulla. A kowane ɓangare na filin ka ɗebi wuri biyar ka haɗa a leda ɗaya mai kauri, ka rubuta wurin da rana. Inda injin niƙa ya tsaya da inda aka shanya garin dutsen, ledarsu daban. Bayan kowane ɓangare ka wanke cokalin da sabulu, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta. Nan ne mutane ke ganda, cokali ɗaya ya yi ta kai gubar wannan kusurwa zuwa waccan.

Ƙarfen hudar yana da rana idan an taɓa binne ragowar niƙa ko an cike rami. A nan ma kowane zurfi da ledarsa.

Na'urar haskawa, wadda ake kira XRF, da ita aka yi aikin Zamfara, kuma tana ba da adadi nan take. Sai dai tsadarta ta miliyoyi ce, tana fitar da hasken da ke buƙatar horo, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa na sa ta karanta ƙasa da gaskiya. Kada ka saya. Ka tuntuɓi ma'aikatar muhalli ta jiha ko wata jami'a a duba maka, a shanya ƙasar a inuwa a tankaɗe tukuna, sannan a tura wasu ledojin ɗakin gwaji don a tabbatar.

Lokacin ɗiba ka sa safar hannu da takunkumi, ka canja tufafi kafin ka shiga gida. Yara kuma kada su taka filin sai sakamako ya fito.